Mahaukaci A Wasan Girkawa

Shekara fiye da 2,400 ke nan Sofokilis na birnin Atina ya tsara wasan jarumi Ajas. Da aka hana shi makaman Akilis, sai hankalinsa ya juya, ya yi ta yanka tumaki yana zaton sarakunan yaƙi ne. Sa'ad da ya farfaɗo, kunya ta sa ya faɗa bisa takobinsa. Irin wannan wasa ya bi ta hannun Seneka na Rum har Ingila, inda Shakespeare ya rubuta Sarki Liya wajen 1606. To, malamai, mukan ga yara suna jifan mahaukaci, daga Sukuntuni har Kankiya. Mu ba su labarin Ajas, su san jarumi ma yakan haukace.