Batirin Kwamfutar Hannu a Makaranta

Ƙarfin batiri shi ne yawan wutar da yake iya riƙewa, ma'auninsa kuwa mAh. Galibin kwamfutocin hannu suna ɗauke da 5,000 zuwa 10,000. Wannan ƙarfi yana raguwa da yawan caji, zafi kuma yana gaggauta raguwarsa. A Jega da Aliero da Maiyama, inda zafin bazara kan zarce digiri 40, batirin da aka bari a rana yana iya kumbura. Cire shi aiki ne na mai gyara, domin manne yake da gam. Saboda haka wajibi ne malami ya adana na'urar a inuwa, ya kuma hana ɗalibai ɓanɓare batirin, domin idan ya huje yana iya kamawa da wuta.