Ƙiba gado ce? Abin da binciken ƙwayoyin halitta ya gano

Mutum biyu na iya cin tuwo a kwano ɗaya, ɗaya ya yi ta kumbura, ɗaya ya zauna siriri. Masana sun daɗe suna zargin gado, domin binciken tagwaye ya nuna yana da hannu a kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyin jiki.

A 2007 masu bincike a Birtaniya suka gano wata ƙwayar gado mai suna FTO. Wanda ya gaji wani nau'inta daga uwa da uba duka yakan fi wanda bai gada ba nauyi da kusan kilo 3. Aikin ire-irenta yawanci a ƙwaƙwalwa yake: mutum ya ci, amma ƙoshi ya makara zuwa. Saboda haka kiran kowane mai teɓa da sunan mai haɗama zalunci ne.

Akwai ƙibar gado mai tsanani, ko da yake ba kasafai ake samunsa ba. A 1997 likitocin Kambirij suka ga wasu yara biyu, dangin juna 'yan asalin Pakistan, da jikinsu ba ya samar da sinadarin leptin mai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kitse ya wadata. Kullum cikin yunwa suke. Da aka fara yi musu allurarsa, cin ya ragu, nauyi ya sauka.

Ita kuwa FTO tura mutum wajen ƙiba kawai take yi. Motsa jiki na rage tasirinta da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai galibin binciken a kan Turawa aka yi, 'yan Afirka kaɗan ne a ciki.