Yelwan Yawuri da Kogin da Ya Raine Ta

Garin Yelwa, hedikwatar masarautar Yawuri, yana kudancin jihar Kebbi, a gaɓar gabas ta kogin Kwara, wato Neja. Duk mai son fahimtar garin, to ya fara da ruwan, domin shi ne gona, shi ne hanya, shi ne kasuwa.

Yawuri tsohuwar daula ce, tana cikin waɗanda marubuta tarihi ke kira Banza Bakwai, sunan da bai dace da ƙasa mai irin wannan tarihi ba. Da can sarauta a Birnin Yawuri take, ɗan nesa da gaɓa. Rikicin cikin gida a ƙarni na 19 ya tarwatsa al'amura, har daga baya fada ta zauna a Yelwa. Kafin nan ma fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan bi ta wannan yanki su haye kogin, sarakuna kuma suna karɓar fito. Wasu Turawa biyu 'yan'uwa, Richard da John Lander, sun iso Yawuri a 1830 suna neman labarin Mungo Park, wanda ya halaka a gaɓar Busa a 1806.

Amma 'yan gidan ruwan na ainihi su ne Gungawa, mazauna tsibiran da ke tsakiyar kogin. A da, idan ruwa ya janye, sai su shuka albasa a kan lakar da ambaliya ta bari. Sarkawa kuwa su ne gwanayen kamun kifi da taru da homa. Kowa ya san lokacin cikar kogin da lokacin janyewarsa, a kan haka aka tsara shekara.

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ita ta birkita wannan tsari. Tafkin da ta haifar ya haɗiye tsibirai da fadamu da tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Ƙasa ta sami lantarki, masunta sun sami tafki mai faɗi, amma wanda ya rasa tsibirin kakanninsa bai ga abin da ya maye masa gurbinsa ba. A ganina, ba a cika faɗin wannan ɓangare na labarin ba.

Har yau kwalekwale ne motar ƙauyukan bakin tafkin, kuma ana yi masa lodin da ya wuce kima a ranakun kasuwa. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, da fasinjoji fiye da 100. Muna roƙon hukuma da shugabannin masu jirage su tilasta sanya rigar ruwa, su kuma hana lodin ganganci.