Nora Miao: Jarumar da Aka Karɓe wa Takobi

Duk wanda ya kalli finafinan Bruce Lee a silimun Kano ko Kaduna, ko daga baya a kaset, ya san fuskarta ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai sayar da lemon ƙanƙara a bakin hanya a The Big Boss na 1971, ita ce budurwar Chen Zhen (wato Bruce Lee) a Fist of Fury na 1972, kuma ita ce mai gidan abincin da 'yan daba suka addaba a birnin Rum a The Way of the Dragon. Sunanta Nora Miao, haifaffiyar Hong Kong a 1952. A wajen 'yan kallonmu dai budurwar ekta ce, shi ke nan.

Alhali da takobi a hannu ta shigo sana'ar. Lokacin da Raymond Chow ya bar kamfanin Shaw Brothers ya kafa Golden Harvest a 1970, tana cikin sababbin fuskokin da ya ɗauka, aka sa ta a finafinan takobi irin su The Invincible Eight da The Blade Spares None. A wancan zamani mace mai sara da suka ba baƙon abu ba ce. Cheng Pei-pei, wadda asalinta 'yar rawa ce, ta riga ta girgiza kasuwa da Come Drink with Me a 1966. Faɗan takobi a fim rabinsa rawa ne, rabinsa dabarar kyamara, saboda haka mai sauƙin jiki kan iya shi cikin ɗan lokaci.

Bruce Lee ne ya sauya kasuwar. Ya tuɓe riga, ya ajiye takobi, ya nuna naushi da shuri na gaske, 'yan kallo suka ce wannan suke so. Daga nan macen da za ta yi dambe sai wadda ta sha horo tun ƙuruciya, kamar Angela Mao da ta tashi a makarantar wasan gargajiya a Taiwan. Sauran aka mayar da su masu kuka da jiran ceto. Ko a Fist of Fury, inda Miao take ɗaliba a makarantar faɗa, ɗan abin da ta taɓa bai taka kara ya karya ba.

Ba na cikin masu raina irin wannan aiki. A cire zamanta da Chen Zhen a maƙabarta cikin dare, fim ɗin zai koma duka da ramuwa kawai; ita ce ke tuna wa mai kallo cewa mutumin nan yana da abin da zai rasa. Laifin masu shirya fim shi ne lalaci: sun ga hanya ta ɓulle sau ɗaya, suka ƙi gwada wata. Bayan rasuwar Lee a 1973, darakta Lo Wei ya sake kiran ta a New Fist of Fury na 1976, ta maimaita matsayinta na dā, wannan karon don a ɗaga wani saurayi mai suna Jackie Chan. Sunanta ake so ya jawo masu kewar Lee.

Daga baya ta koma Toronto a Kanada, ta kama aikin rediyo. Da ta dawo a 2008 cikin Run Papa Run, uwar wani shugaban 'yan daba ta fito, kuma da wannan ta shiga jerin masu takarar lambar yabo ta finafinan Hong Kong, a rukunin mataimakiyar jaruma.