Ƙarambau Ga Yaro Mai Raunin Garkuwar Jiki

Iyaye da yawa sun ɗauki ƙarambau ciwo ne da kowane yaro zai yi ya warke. Ga mai ƙoshin lafiya galibi haka ne: ƙuraje su fito, su yi ruwa, su bushe. Amma akwai yaran da garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar wanda ake yi wa maganin sankarar jini, da mai ɗauke da ƙanjamau, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko ɓargo, da wanda ya daɗe yana shan prednisolone. A jikin irin waɗannan, ƙwayar bairos ɗin ba ta tsayawa a fata. Takan bi jini ta kama huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, har ta kai ga rasa rai.

Maganin da likitoci suka dogara da shi shi ne acyclovir, wanda aka gano a 1974. Gertrude Elion, wadda ta yi fice a binciken, ta samu kyautar Nobel a 1988. Hikimar maganin ita ce, ba ya fara aiki sai wani sinadarin da bairos ɗin kanta ke samarwa ya tashe shi. Daga nan sai ya katse hayayyafarta, ba tare da ya yi wa lafiyayyun ƙwayoyin jiki ɓarna mai yawa ba.

Tunda hana yaɗuwa yake yi, ba gyara abin da ya lalace ba, jinkiri asara ne. An fi son a fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. A asibiti ake bayarwa ta jijiya, duk bayan awa 8, na kwana 7 zuwa 10, tare da ƙarin ruwa don kare ƙoda.

Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya na kemis ba sa taɓa bairos. Asfirin kuwa haɗari ne ga yaro mai ƙarambau, domin yana iya jawo ciwon Reye mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Mai ƙarambau yana yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajensa su bayyana, kuma takan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ta nuna a jikin wanda ya kamu. Don haka idan ta ɓulla a gida ko makaranta, a sanar da likitan yaro mai raunin garkuwa a ranar, ko da ƙurji ɗaya bai fito masa ba.