Me ya sa kyanwa take jan gindi?

Ran Laraba da safe, wata yarinya ta ajinmu ta ɗaga hannu, ta ce: "Malam, kyanwarmu in ta gama kashi sai ta zauna, ta miƙe ƙafafun baya, ta yi ta jan gindi a ƙasa kamar jariri. Wasa take yi?" Duk aji ya fashe da dariya. Amma tambaya ce mai kyau, kuma abin ba wasa ba ne.

Kyanwa, wadda wasu ke kira mussa, dabba ce mai tsabta. Tana tona rami cikin rairayi, ta yi kashi, ta rufe. A manyan birane, inda ba ta fita waje, akwati ake cika mata da rairayi. In kun ga ta tashi daga wurin tana goga gindi a ƙasa, to wani abu ne yake damun ta a dubura. Ba ta da hannun sosawa, sai ƙasa.

Wani lokaci abin ƙarami ne. Guntun kashi ne ya manne a gashinta, tana so ta rabu da shi. Da ya faɗi, shi ke nan.

Amma in kullum take yi, ku tuna da tsila. Tsila tsutsa ce doguwa, mai faɗi, wadda ke zaune cikin hanji. Jikinta gaɓa-gaɓa ne. Gaɓar da ta cika da ƙwai sai ta tsinke, ta fito ta dubura tana motsi, ta sa ƙaiƙayi. Ku duba ƙarƙashin wutsiyar kyanwar, ko wurin da take kwana. Za ku ga wasu ƴan abubuwa farare kamar ƙwayar shinkafa. Su ne. Ina ta samo tsilar? Ƴaƴan ƙuma suna cin waɗannan ƙwai. Ƙumar ta girma, ta hau jikin kyanwa. Kyanwa kuma tana lasar gashinta, sai ta haɗiye ta. Akwai wata irin tsila da take samu wajen cin ɓera. Kun ga, aikin da take yi mana a rumbu yana iya jawo mata ciwo.

Akwai kuma wasu ƴan jakunkuna guda 2 a gefen duburarta, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ruwa mai wari ne a ciki. Yana fita tare da kashi, don sauran kyanwoyi su san wadda ta bi wurin. In jakunkunan sun toshe, sukan kumbura, su yi zafi, har su yi mugunya.

To, me za ku yi? Kada ku doke ta, ba ta yi laifi ba. In kun ga zare ko leda yana leƙowa daga duburarta, kada ku ja, yana iya yanka mata hanji. Kada kuma ku ba ta maganin mutane. Ƙwayar parasetamol ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ku gaya wa babanku ya kai ta wurin likitan dabbobi. Shi zai ba da maganin tsila da na ƙuma tare, don in an bar ƙuma, tsila za ta komo.

Yaro ma yana iya kamuwa da wannan tsila in ya haɗiye ƙuma, ko da yake ba kasafai ba. Saboda haka ku share wurin da kyanwa take kwana, ku shanya tsumman a rana, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci tuwo.