Aikin da Baƙon Likita Ba Zai Iya Ba

Masu saurarenmu na Magariya da Dungas, da Bande da Wacha da Sasumburum, da Dogo-Dogo da Malawa, da ƴan'uwa na tsallaken iyaka a Babura da Maigatari, shirinmu na musamman na yau ya shafi wani reshe na likitancin haƙori wanda da wuya a ji sunansa a karkararmu, wato fannin daidaita haƙora da muƙamuƙi. Shi ne aikin likitan da ke ɗaura wa mutum siririyar waya a baki, har haƙoran da suka hau juna ko suka fito zaƙo-zaƙo su koma kan layi. Za mu bi hanyar da ɗalibi ke bi kafin ya kai wannan matsayi, mu kuma kare magana guda: jihar Damagaram na bukatar irin wannan gwani nata na kanta, mazauni, ko da ɗaya ne ko biyu, domin aikinsa ba ya yiwuwa a hannun baƙo mai zuwa ya wuce.

Hanyar doguwa ce, kuma ba ta da ratse. Yaron da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a fannin kimiyya zai fara da karatun likitan haƙori na kowa da kowa, shekara 5 zuwa 6, ya koyi cirewa da cikewa da jinyar dasashi. Ƴan Nijar da dama a waje suka yi wannan karatu, musamman a Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, wadda ta daɗe tana horar da likitocin haƙori na ƙasashe masu magana da Faransanci. Kusa da mu kuma akwai tsangayar likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero a Kano, mai aiki da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Bayan digiri sai a fita aiki, sannan a dawo a yi takarar gurbin ƙwarewa, kuma guraben ba su da yawa. A tsarin Faransanci, a Dakar ko Maroko ko Faransa, ƙwarewar kan ci shekara 3 zuwa 4. A Najeriya ana bi ta jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙasa, kuma abin kan kai shekara 5 ko fiye. In aka haɗa lissafi, wanda ya bar Magariya yana saurayi ba zai dawo da wannan takarda ba sai ya haura shekara 30, mai yiwuwa da iyali.

Me ake koyo da har yake cin waɗannan shekaru? Tun 1728 wani Bafaranshe mai suna Pierre Fauchard ya bayyana yadda ake ɗaure haƙora da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa don a ja su. Amma Edward Angle, Ba'amurke, shi ya mai da abin ilmi mai ƙa'ida: a 1899 ya kasa rashin haɗuwar haƙora gida uku, yana auna komai da turmin farko na sama, wanda ke fitowa yaro yana da kimanin shekara 6, kuma a 1900 ya buɗe makarantar wannan fanni a birnin St. Louis. Asirin aikin kuwa yana cikin ƙashi. Haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa a katako ba; wasu siraran zare ne ke riƙe da saiwarsa a cikin raminta. In aka matsa masa a hankali, ba dare ba rana, sai ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, na bayansa kuma yana ginuwa, haƙorin ya gusa kimanin milimita 1 a wata. In aka yi gaggawa aka ƙara ƙarfi, saiwar na iya gajarcewa, ko haƙorin ya mutu. Shi ya sa jinyar kan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2, kuma duk mako 4 zuwa 8 sai mai jinya ya dawo a duba waya, a ɗaure ko a sassauta. A riƙe wannan lissafi, don duk maganarmu a kansa ta dogara.

To, ga ƙorafin farko, kuma mai nauyi ne. Wani zai ce, a Magariya fa muke. Nan ne ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2005 saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Nan ne a watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara kimanin 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin, ga wasu sama da 700 a kwance. A ƙidayar 2012 mutanen Magariya da Dungas a haɗe sun haura dubu 900, kuma tun daga nan ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankinta na Afirka likitan haƙori 1 ne ga kusan mutum dubu 30, Nijar kuwa ba ta ko kai wannan ba, ƴan kaɗan ɗin da ke akwai ma yawancinsu na Yamai. Mai ciwon turmi a garin Gushi har gobe wurin wanzami yake zuwa. A irin wannan hali, ashe ba almubazzaranci ba ne a kashe dukiyar jama'a don wani ya koyo jera haƙoran ƴaƴan masu kuɗi? Mai wannan magana ya yi gaskiya a wuri guda: in jikar kuɗi ɗaya ce ta rage a asusu, gidan sauro da rigakafi za a saya. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa aikin wannan likita kwalliya ce kawai.

A duba yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa, abin da ke samun kusan jariri 1 cikin 700 a duniya. Uwa na ba shi nono, nonon na fitowa ta hanci. Likitan fiɗa zai ɗinke leɓen yana ɗan watanni, ya rufe ganɗar yana kusan shekara guda, kuma asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana irin wannan aiki. Iyaye su yi hamdala su koma gida, suna ganin an gama. Alhali tabon ɗinkin kan hana muƙamuƙin sama girma yadda ya kamata. Lokacin da yaron ya fara famfara, sai sababbin haƙora su fito a karkace, wasu ta cikin tsagar, na ƙasa su sha gaban na sama, tauna ta yi wuya, magana ta ƙi fita sosai. Tsakanin shekara 8 zuwa 11 ake dasa ɗan ƙashi a tsagar dasashin kafin fiƙa ta fito, kuma sau da yawa sai likitan daidaita haƙora ya fara faɗaɗa muƙamuƙin na tsawon watanni kafin a yi dashen. In lokacin ya wuce, gyara ya ƙara tsada da wahala. A lura kuma, jinyar kyauta da gwamnatin Nijar ta kawo a 2006 ta tsaya ne a kan yara ƴan ƙasa da shekara 5, wato wannan yaro ya fita daga inuwarta tun kafin bukatarsa ta taso.

Sai kuma ciwon iska, wanda likitoci ke kira noma, kuma mutanen Damagaram ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kansa. Yakan fara da kumburin dasashi da warin baki a jikin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin kwanaki ya ci kunci da leɓe har zuwa ƙashi. In ba a yi magani ba, yakan kashe kusan 9 cikin 10. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana karɓar irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, Sakkwato na da asibiti sukutum dominsu tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa bukatar da Najeriya ta jagoranta. Wanda ya tsira yakan rayu da muƙamuƙin da ya ƙage, da haƙoran da tabo ya ture waje guda. Likitan fiɗa na iya sake gina kunci a yini ɗaya, amma fuskar yaro ba ta daina girma sai ya balaga, kuma a duk waɗannan shekaru sai da mai bibiyar yadda haƙora da muƙamuƙi ke tafiya.

A nan ne lissafin ɗazu ke aiki. Tawagar likitocin waje na zuwa ta yi mako 2, ta yi wa yara da dama fiɗa, ta hau jirgi, kuma Allah ya saka musu da alheri. Amma babu tawagar da za ta dawo sau 15 ko 20 saboda yaro ɗaya. Tura shi Yamai ma bai fi ba: kusan kilomita 900 ne daga Damagaram, kuma manomin da zai bar gona da damina ya yi wannan tafiya duk wata bai cika samuwa ba. Wayar da aka ɗaura aka bari ba dubawa kuwa ta fi rashinta muni, don abinci na maƙalewa, haƙori ya ruɓe a ƙarƙashinta.

Ƙorafi na biyu ya fi ɗaci: in an horar da shi, ai ba zai zauna ba, zai buɗe asibitin kuɗi a Yamai ko ya maƙale a Faransa. Wannan tsoro yana da tushe, kuma wa'azi ba ya maganinsa, sai tsari. A ganinmu, kada a ba kowa tallafin wannan ƙwarewa sai wanda ya fara yin shekaru a asibitin gunduma irin na Magariya, ya cire turame ɗaruruwa, ya ga ciwon iska da idonsa tun yana kumburin dasashi. Wanda ya bi ta nan ya san abin da zai je nema a Dakar ko Kano. Sannan a yi yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram na wasu shekaru, a kuma tanadar masa kujera da na'urar hoton ƙashi da mai haɗa masa kayan aiki kafin ya iso, don gwanin da ya dawo ya tarar da ɗaki wayam ba laifinsa ba ne in ya ƙara gaba. Kada kuma a hana shi duba masu biyan kuɗi da yamma. Kuɗin ɗan kasuwar da ke son a gyara wa ɗiyarsa murmushi na iya sayen wayar yaran da ba su da ko dala.

Akwai masu fargabar cewa za a kawo mana ma'aunin kyau na wasu. Wushirya ado ce a ƙasar Hausa, mawaƙa sun sha yabonta, kuma littattafan Turai na lissafa ta cikin abin da ake rufewa. Likitan da ya tashi a cikinmu shi ne zai san ya bar ta inda take, ya nemi abin da ke hana tauna da magana. Wannan ma hujja ce ta horar da ɗan gida. Abin tsoro na gaske shi ne wayar kwalliya da ake tallatawa a TikTok da Facebook, wadda wanda bai yi karatun ba ke mannawa ba tare da hoton ƙashi ba. Ita ma jan haƙori take yi, sai dai ba wanda ya san inda za ta kai shi.

Ba kuma sai an ajiye gwani a kowane gari ba. Daga Damagaram zuwa Magariya bai kai kilomita 100 ba, tafiyar safiya ce. Likitan na iya ware rana ɗaya a wata ya sauka a Magariya, wata ranar a Dungas, a daidaita ta da ranar kasuwa don iyaye su sami mota cikin sauƙi. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya na ƙauyuka su riƙe sunayen yaran, su tuna wa iyaye ranar zuwa, su koya wa yaro yadda zai bi da buroshi tsakanin waya da dasashi, su kuma gargaɗe shi kan rake da ƙuli-ƙuli da ƙashin nama, waɗanda ke ɓalle ƙarfen. Ko ranar da aka cire waya ba a sallami yaron ba, domin haƙori na neman komawa inda ya fito. Za a ba shi wata ƴar roba da aka zuba daidai bakinsa ya riƙa kwana da ita, kuma in ta faɗa wuta ko akuya ta tauna ta, likitan da ya auna bakin tun farko shi zai zuba masa wata a zuwansa na watan gaba.